Sandar Ga-ruwan Baba

Montana, Amurka
Rajab 1394

Yaya Turai,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da su Luba da mutanen unguwarmu Hindawiyya a Jidda. Ya ƙarin haƙuri?

Saƙon rasuwar Baba ya same ni ina soya wa Abdulghani ƙwai. Ɗan kafilina ke nan, wato maigidan da ya tsaya mini a Saudiyya, wanda aka haɗo ni da shi in riƙa yi masa girki har ya gama karatun man fetur. Na karanta, na juya ƙwan, bai ƙone ba. Har yau hawaye bai zo ba. Kada ki gaya wa kowa.

Kin ce baladiyya, hukumar gari, ta shafa wa gidan Baba jan fenti, za a rushe, me za a ajiye? Yaya, ni ɗan kasuwa ne. Abin da dillali bai taya ba tarkace ne. Ki rabar, halas.

Ƙaninki,
Rafi'u

Sha'aban 1394

Yaya Turai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku.

Abdulghani ya ja ni yawo wani wuri da gwamnati ke tsaro. Gidan wani tsohon sarki ne na 'yan asalin ƙasar nan, ƙabilar da Turawa ke kira Hankaki. Na zaci fada zan gani. Ɗakin gungume ne, sai wata maɓuɓɓuga a gindin itace. Na yi musu kuɗi da ido, ko a kasuwar gwanjo ba mai ɗaga kai. Amma ga ma'aikaci, ga shara an yi.

Wani dattijonsu mai kitso biyu ya nuna mana ruwan da sarkin ya sha. Sai ya tambaye ni ta bakin Abdulghani, su wane ne mutanena, a ina aka ajiye kayan ubana. Ni da na taɓa sayar wa alhazai bargo da tsakar rani, sai na sulale na nufi maɓuɓɓugar. Na yi alwala a ruwan, sanyinsa bai ma dame ni ba.

Sandar ga-ruwan Baba fa, wadda ya shayar da rabin Jidda da ita tun kafin famfo, inda kafaɗarsa ta cinye icen har ya yi santsi. Ita kaɗai ki ajiye mini.

Rafi'u

Shawwal 1394

Yaya Turai,

Barka da shan ruwa. Allah ya maimaita mana.

Na ga amsarki. Ranar sadakar arba'in icce ya ƙare, shinkafa ba ta nuna ba, ga maƙwabta a zaune, kuma ni na ce ki rabar, sai kika sa sandar a murhu. Ba ki yi laifi ba, ki daina kukan.

Kin ce ta daɗe tana ci, ba hayaƙi. Haka mai ita yake.

Ki rubuto mini sunayen waɗanda suka ci shinkafar. In dattijon nan ya sake tambaya, in sami abin faɗi.

Ki gaida Luba.

Ƙaninki,
Rafi'u