Ba Alkunya Nake Ba, Ciwo Nake

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Arewa mazauna Deira a Dubai, tare da dattawan kwamitin walwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da kasuwa. Allah ya ƙara buɗi, ya sa kwantenoninku su riƙa sauka lafiya.

Alhaji, ka san ni ko ban faɗi suna ba. Ni ce matar Malam Sabi'u mai kayan gyaran mota a Ras Al Khor, wadda take saye wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano abaya da mayafi a Murshid Bazaar tana aika musu ta kago, wato kamfanin jigilar kaya. Kun sha yi mini tsiya cewa ina taya kaya har mai shago ya dafe kai ya ce kalas, shi ke nan, ɗauki. Gaskiya ne, a kasuwa na tashi, kuma baki bai taɓa yi mini nauyi ba. Amma wannan takarda na sha ɗaukarta ina ajiyewa. Mace ta kawo zancen ɗakin haihuwa gaban sa'annin mahaifinta, wallahi ko yanzu da nake rubutawa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya tilasta mini shi ne na ji a taro mai zuwa za ku sabunta yarjejeniyar rangwame da asibitin nan da kuke tura matanmu haihuwa. Ni kuwa cikina ya tsufa, kuma maigidana ya ce inda ƙungiya ta nuna can za mu koma. Ba zan ambaci sunan asibitin ba. Na san dokar ƙasar da nake zaune, kuma ina son bizata kamar yadda kowa yake son tasa.

Na ɗaya, abin da ya faru a asibitin.

Lokacin kullen korona na haifi ɗana na fari. An rufe hanyar jirgi, mahaifiyata da ta gama ɗaure kayan yajinta a Kano ba ta samu zuwa ba. Ni kaɗai na shiga. Tun ina yarinya abin da na ji a gidanmu shi ne mace ba ta ihu a naƙuda, wadda ta yi raki har jikokinta sai sun ji labari. Saboda haka na cusa bakin mayafi a baki na cije. A gadon da ke kusa da nawa, labule ne kawai tsakani, akwai wata Baturiya. Ita da ta ji ciwo ta faɗa, ta kuma faɗa da ƙarfi. Ba na ganin laifinta, ita ce mai wayo. Nas-nas suna zarya a kanta, aka zo aka yi mata bayanin allurar gadon baya mai kashe zafin naƙuda, aka ce ta zaɓa. Ni babu wanda ya ce mini akwai irin wannan allura a cikin abin da muka biya. Da na kasa, na kira wata nas na ce mata ciwon ya fi ƙarfina. Ta dafa kafaɗata tana murmushi, ta ce mu 'yan Afirka ƙarfi gare mu, haihuwa a wurinmu kamar shan ruwa ce, shwaiya-shwaiya, wai sannu-sannu, zan sauka. Ta wuce.

Ga inda kunyar take, Alhaji: daɗi na ji. Ni da nake gane mai shago yana mini daɗin baki tun kafin ya buɗe kwali, aka yabe ni don a rabu da ni, na karɓa har da godiya.

Kafin a sallame mu wata likita ta zo ta ja kujera ta zauna gaban Baturiyar nan. Ina jin su ta bayan labule. Ta tambaye ta barci, ta tambaye ta ko tana jin kuka ba dalili, ko akwai mai taimaka mata a gida, ta faɗa mata alamomin wani ciwon damuwa da ke kama masu jego, ta sa mata ranar dawowa. Na gyara ɗankwali ina jiran a zo kaina. Aka leƙo, aka duba ɗinki, aka ce mabruk, yalla, wato barka, a kama hanya. Wata 'yar Uganda da muka fita rana ɗaya na tambaye ta a bakin ƙofa ko an zauna da ita, ta yi dariya ta ce wa zai zauna da mu. Kuɗinmu ɗaya da Baturiyar, dirhami dai dirhami ne. Na san bambanci idan na gan shi, don sana'ata ke nan: in shiga shago in gane wa aka fito wa da kaya mai kyau, wa aka miƙa wa na kan kanta.

Na biyu, abin da ya faru a gida. Wannan namu ne, babu hannun baƙo a ciki.

Da aka sassauta kulle, matan ƙungiya sun yi mini abin da ba zan manta ba. Hajiya Babba, shugabar matanmu, da kanta ta tsinko ganyen darbejiya a bakin titi, ta dafa ruwa a butar lantarki buta bayan buta ta yi mini wankan jego a ɗan banɗakinmu. Kunun kanwa bai yanke ba. Allah ya saka musu. Sai dai ni a lokacin wani abu ya riga ya mutu a ƙirjina. In kalli yaron nan in ji kamar ɗan maƙwabta aka ba ni ajiya. In ya yi kuka, in juya fuska bango. In an miƙo mini shi in ce a ba wata. Ba na iya haɗa ido da shi.

Ka san me matanmu suka gani? Alkunyar ɗan fari. Suka yi ta sa mini albarka. Hajiya Babba ta ce ga 'yar gidan mutunci, Dubai ba ta lalata ta ba, ba kamar yaran yanzu masu sumbatar ɗan fari a gaban surukai suna ɗora hotonsa a waya ba. Har misali aka riƙa yi da ni a zauren mata na waya. Ina zaune a tsakiyarsu ina nutsewa, su kuma suna yi mini guɗa. Da wane baki zan ce musu ba kara nake ba, ɗana ne ba na jin komai a kansa? Wace uwa ce za ta furta haka ta sake ɗaga kai a Deira? Malam Sabi'u kuwa, bawan Allah, yana fita da safe ya dawo a gajiye, ya ga an yi wanka an sha kunu, a wurinsa komai ya tafi daidai. Da ya tarar da ni ina kuka ya ce kewar Inna ce, jirgi zai buɗe.

Na uku. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai likita, yau ga shi ina faɗa wa duniya.

Wata rana da azahar, zafin nan da ke narka takalmi, na kwantar da yaron a tsakiyar gado, na ja ƙofa, na sauka. Ban san yadda ƙafata ta kai ni bakin ruwa a Al Ras ba. Na zauna inda ƙananan jiragen fito suke ɗaukar mutane, ina kallon ruwan, ina lissafin cewa yaron zai fi samun uwa ta gari in babu ni. Ba hauka nake ba, da hankalina sarai nake wannan lissafi, shi ya sa abin yake da ban tsoro. Abin da ya tashe ni nono ne da ya zubo ya jiƙa gaban abayata. Kunyar kada maza su gani ce ta sa na miƙe. Na koma na same shi ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Alhaji, in da abayar nan ba ta jiƙe ba, da kwamitinku wani aikin ya yi a kaina, ba wannan ba.

Na huɗu, wadda ta gane.

A wurin rigakafin yaron ne, a wata cibiyar lafiya daban. Likitar 'yar Sudan ce, jikar mutanenmu da suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a hanya, tana jin Hausa irin ta tsofaffi. Ta lura da yadda na miƙa mata yaron kamar mai miƙa ƙunshin kaya. Ta san alkunya, kakarta ta yi. Amma ta ce mai alkunya tana satar kallon ɗanta in ta ga ba a ganinta, ni kuwa ko sau ɗaya ban sata ba. Ta tambaye ni rabona da barci. Tambaya ɗaya, irin wadda aka yi wa Baturiya tun ranar farko. Na fashe mata da kuka. Ta ce ciwo ne sananne, yana kama farar mace da baƙa, ba rashin imani ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ta haɗa ni da masu wannan fanni, na sha magani, na yi ta zuwa ana zama da ni, har ranar da yaron ya yi dariya na ji ta a ƙirjina. Watannin farkonsa kuwa sun tafi, babu kasuwar da zan sayo su.

Na biyar, abin da ƙungiya ta yi.

Da na warke na sa maigidana ya kawo muku maganar asibitin a asirce. Amsar da ya dawo da ita ita ce a yi haƙuri, mu baƙi ne, kada a ɓata dangantaka da masu yi mana rangwame. Sai kuma aka turo malami ya yi mini ruƙiyya. Ba na raina ayar Allah, na karɓa, na gode. Amma wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a ne a kuma kai shi wurin ɗori. Bayan haka magana ta zaga cewa matar Sabi'u ta ɗan taɓu. Wasu da nake saye musu kaya suka fara tambaya a Kano ko har yanzu ana iya ba ni amana. Ku da kuke mayar da kwali guda saboda zare ya zame a abaya ɗaya, aka kawo muku koken yadda ake karɓar matanku, kuka ce rangwame.

Ga abin da nake roƙo.

Kafin ku sa hannu, ku je asibitin nan da murya irin wadda kuke zuwa wa kamfanin kago da ita in kaya sun ɓata. Ku ce duk bayanin da ake yi wa kowace mace, na allura da na ciwon damuwa, a yi wa tamu, ko ta yi ihu ko ta cije mayafi. In sun ƙi, asibiti ba shi kaɗai ba ne a Dubai, kuma ba ni zan koya muku yadda ake juya wa mai shago baya ba.

Ku gayyato likita mace ta zauna da matanmu, da Hajiya Babba a sahun gaba, ta nuna musu yadda ake bambanta mai kara da mai ciwo. Su kuma maza a faɗa musu a taronku cewa kukan mai jego ba kullum ne kewar gida ba.

Sannan kwamiti ya daina barin sirrin marar lafiya yana yawo a shagunan Murshid.

Idan ba a yi na farkon ba, ina shaida maka cikin ladabi cewa wannan cikin ba zan kai shi can ba, ko da zan sayar da abin wuyana. Kuma a duk inda na haihu, in na ji ciwo zan yi ihu har a ji ni a Ras Al Khor. A ba jikokina labari.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannunka a wannan shugabanci, ya sauki matanmu lafiya, jikinsu da zukatansu. In na yi kaushin harshe a yafe mini, 'yarku ce.

Tun da aka raɗa wa yaron nan suna ban taɓa furta shi a gaban manya ba, kamar yadda aka koya mana. An yaba mini a kan hakan a lokacin da bai kamata ba. Ina neman afuwar iyayena mata, yau da shi zan sa hannu.

Wassalam.

Taku,
Maman Haidar,
Deira, Dubai.