Gafiyoyin Dutse da Bindigar Baba

Kara-Bulak, sha biyu ga Agusta.

Zuwa ga Yayana Mirlan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ina roƙon Allah ya tsare ka a wurin aikinka, ya sassauta muku sanyin Irkutsk, can ƙasar Rasha, in ya zo. Mu a nan lafiya lau, sai godiya. Mijina Ermek yana can kan tsauni da dawaki tun farkon bazara, ba zai sauko ba sai ciyawa ta bushe. Goggo Burul ta warke daga ciwon ƙafarta har ta koma saƙa. Na zaɓi in rubuto maka ta hannun direba Kubat ne don duk lokacin da ka kira waya Baba yana zaune a gefena, kuma ka san kunnensa bai tsufa ba.

Maganar lambu ce, Yaya. Bana gafiyoyin dutse sun sauko daga gangaren bayan gida, sun yi ramuka har uku a gindin shinge. Kabeji kunya shida na dasa, yanzu biyu suka rage. Ganyen karas kuwa sun aske shi ƙwal. Da rana tsaka suke zuwa, ɗaya ya miƙe tsaye a kan dutse yana gadi, in ya hango ni ya yi fito, sauran su shige rami da kumatu cike. Ka san abin da na tara a wata ukun nan shi za mu ci har dusar ƙanƙara ta narke. Duk shawarar da ka ba ni a waya na bi. Na ɗura ruwa a ramin har bayana ya ƙage, na yi hayaƙin kashin shanu, na rataya gwangwanaye a igiya. Kwana biyu suka yi suna tsoron gwangwanin, a na uku na tarar da ɗaya kwance a ƙarƙashinsa yana shan inuwa. Ba ina ƙorafi a kanka ba ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da Baba ya ga haka sai ya sauko da bindigarsa daga bango. Na ce masa yanar idonsa ta yi kauri, ya ce wai tun ban san hannun damana ba yake harbo akuyar dutse daga wannan tsauni zuwa wancan, ba ni zan koya masa gani ba. Mako guda yana zama a kan kututture a bakin lambu. Harsashi tara ya harba, ya fasa mini bokiti, ya huda bututun ban-ruwa, gafiya ko ɗaya bai taɓa ba. Ranar Talata da hantsi ya ga wani abu ja yana motsi a gindin shinge, ya saki wuta. Karyar maƙwabcinmu Jumakadir ce, wadda ke tsare masa tumaki shekara bakwai. Nan take ta mutu.

Jumakadir ya zo ya ɗauke ta da kansa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya dubi Baba ya ce masa, wai tsoho ya yi ƙoƙari, a ƙarshe dai ya sami abin da ya tsaya masa cik, don karyar ta san shi, gaishe shi ta zo yi. Na kai masa ɗan rago ya dawo da shi. Abin da ya ce mini kawai, in ya sake jin ƙarar bindigar nan a hannun Baba zai kai magana wurin 'yan sanda, tun kafin a ɗauki gawar mutum. Ban iya musa masa ba, Yaya, domin a daidai wurin nan nake durƙusawa kowace safiya ina cire ciyawa, da jar rigar sanyin nan tawa.

A ranar na kwashe harsasan na tura su cikin buhun gari. Baba ya yi kwana huɗu bai yi mini magana ba. In na miƙa masa shayi sai ya ce wa Goggo ta gaya wa sarauniyar gida an gode. Ya ce wai na mayar da shi turken ɗaure jaki a gidan da ya gina da hannunsa. Su kuwa gafiyoyin suka cinye kunyar kabeji guda a kwanakin nan. Ranar Asabar haƙurina ya ƙare, na ɗauki bindigar da kaina. Harbin farko ya kusa cire mini kafaɗa. Sai ga Baba ya fito yana laluben bango, yana faɗa wai wa ya koya mini riƙe bindiga kamar muciya. Ya zauna a bayana, ya gyara mini gwiwar hannu, ya ce in riƙe numfashi kafin in ja kunama. Na kashe biyu. Ta biyun ba ta mutu da wuri ba, tana kuka kamar jariri, har yau abinci ba ya yi mini daɗi. Ba na son aikin nan, amma sai na yi shi har su shige rami su fara dogon barcinsu na lokacin sanyi a wata mai zuwa, in ba haka ba mu ne za mu kwana da yunwa.

Yanzu ya fara cewa tunda ya nuna mini hanya, in dawo masa da harsasansa. Ni ba zan iya da shi ni kaɗai ba. Likitar da ta duba shi a garin Narin ta ce aikin idon ba mai wuya ba ne, shi ne ya ƙi, wai ba za a sa masa wuƙa a ido yana raye ba. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi, kada ka ambaci karya ko bindiga, kada ka ce ya tsufa. Hoton jaririyarku da ka turo jiya, na miƙa masa wayar, ya riƙe ta a kife, ya daɗe yana kallo, ya ce sak mahaifiyarmu. Ban gyara masa ba. Ka ce masa kana so ya ga fuskar jikarsa.

Ka gaishe mini da matarka Aizirek, ka yi mata sannu da jego, ka gaida Kawu Sagin da mutanen gidansa. Goggo Burul tana gaishe ku, ita ta saƙa safar da ke cikin ƙunshin da Kubat zai ba ka tare da takardar nan. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Kanishai