Robar da Baba Ya Gano a Motar Mama

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Mama tana nan tana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, kumburin ƙafarta ma ya ragu. Baba kuwa rawar hannun nan ta ɗan ƙaru, yanzu da hannu biyu yake riƙe kofi.

Na rubuto ne maimakon in kira, don ni da kai a waya ba ma barin juna mu kai ƙarshen zance. Maganar motar lantarkin da ka aiko wa Mama ce. Abin da ka sani shi ne esin ya daina sanyi, amma ban gaya maka yadda ranar ta kasance ba. Da tsakar rana na ɗauko Mama daga asibiti, muka faɗa cunkoso, esin kuma sai hura iska mai ɗumi yake yi. Ka san yadda take fitowa daga wankin nan, jiki ba ƙarfi, ga shi likita ya ƙayyade mata shan ruwa. Ta jingina da ƙofa, gumi na zuba. Baba, da ya raka mu, yana gefenta yana yi mata fifita da katin asibiti har muka iso gida.

Muna isowa ya jawo akwatin kayan aikinsa, wanda bai buɗe ba tun da ya bar gareji, ya ce in buɗe masa gaban motar. Yaya, mutumin da ya shekara arba'in yana kanikanci, wanda ke gane ciwon mota daga ƙararta, ya tsaya da sufana a hannu yana kallo. Ba inji, ba fambel, ba ƙaurin mai, sai murfin roba da wasu manyan wayoyi ruwan lemo. A lokacin ne na kira ka, kuma laifina ne da na saki muryar wayar kowa na ji. Ka ce in hana Baba taɓawa, wannan ba motar zamaninsu ba ce. Ya ji. Ya mayar da sufanar, ya rufe akwatin, ya shige ɗaki. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

Gaskiya ka faɗa, wutar da ke cikin wayoyin nan tana iya kashe mutum, kuma na san tsoro ne ya sa ka faɗa da zafi. Sai dai magana zarar bunu ce.

Maƙwabcinmu ya ce mu je bakin titi a ƙara wa esin gas, a wuce wurin. Nan ne Baba ya buɗe baki. Ya ce gas ba ya ƙarewa haka kawai, sai in akwai inda yake yoyo, ƙara shi ba a toshe ba zuba ruwa ne a kwando. Sai muka nemi garejin masu motocin lantarki, na lallaɓa shi ya raka ni.

Wata mata mai gyaran motocin muka samu a can, ba ta girme ni ba, sanye da safar hannu mai kauri. Ta ce gara da ba mu je bakin titi ba, don kwamfuresar motar, wadda ke tura gas ɗin esin, daga babban batir take shan wuta, kuma tana da nata man na daban, in aka zuba na sauran motoci an lalata ta. Ta jona kwamfuta, kwamfuta ta ce gas ya yi ƙasa, amma ba ta faɗi ta ina ya fita ba. Matar ta ɗura iska a bututun esin, ta yi ta lalube kusan awa guda ba ta samu ba. Baba yana kan benci, hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Can sai ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko za a samu ruwan sabulu da soso.

Ba ta yi dariya ba. Ta katse wutar motar, ta ba shi safar hannu, ta nuna masa inda ba a kusanta. Da ta ga soson yana rawa a hannunsa, sai ta karɓa ta ce ya riƙa nuna mata. Ya ce ta bi mahaɗar bututun da ke ƙasa kusa da lagireto, don nan ne ramukan hanya suka fi jijjigawa. Ta shafa, muka zuba ido, sai ga kumfa tana tasowa a hankali. Wata 'yar roba ce ta tsage, ba ta fi zobe girma ba.

Ta miƙa masa ita ta ce, "Baba, kwamfutar ta san akwai ciwo, amma kai ka san inda yake."

Ta sa sabuwa, ta zuƙe iskar, ta auna gas ta zuba. Har muka iso gida tafin hannunsa yana bakin mahurar esin. Yanzu Mama da mayafi biyu take shiga motar, tana mitar wai za mu daskarar da ita.

Ga abin da nake roƙonka. Ka kira shi ranar hutunka. Kada ka ba shi haƙuri, ka san halinsa, zai ce shi bai ma ji komai ba. Ka dai tambaye shi yadda aka yi ya gano yoyon, ka kuma tanadi awa guda, don daga ruwan sabulu sai ya kai ka motar farko da ya taɓa kwancewa. Robar tana aljihunsa. Ya nuna wa liman, ya nuna wa mai shago, har ma'aikaciyar asibiti ta gani. Kai kaɗai ne bai nuna wa ba, kuma kai yake jira.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, ka ce wa 'yarka Sarkin Surutu ina nan ina jiran hoton da ta yi mini alkawari. Mama tana sa muku albarka, Gwaggo da Kawu ma suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta