Maganin da Ɗalha Yake Jira

Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Anti Kande da yara. Yaya ƙafar Inna? A gaishe min da mutanen Soron Ɗinki.

Ni lafiya lau nake. Tarin da ka ji a waya sanyin Jamus ne kawai, kada Inna ta ji. Maganin korona da muke haɗawa ya kai matakin gwaji a jikin mutane, alhamdu lillahi.

Ka ce Ɗalha mai kemis ya kamu, har matarsa ta zo tana kuka wai in aiko masa da maganin. Yaya, Ɗalhan da ya riƙa yi wa Baba allurar ruwan gishiri, ya hana a kai shi asibiti har numfashinsa ya ɗauke? Wallahi ban yafe ba.

Gaskiya ko ƙwaya ɗaya ba a barinmu mu fitar, amma kada su sani. Ka ce musu yana hanya. Ya kwanta yana sauraren ƙofa, ya ɗanɗana jiran da Baba ya yi.

Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana Inna.

Ƙanwarka,
Bahijja