Garkuwa Mai Bindiga a Cibiya

Brescia, 3 ga Afrilu

Yaya Taddeo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da littattafanka kuna lafiya. Na gama aikin da kwamandan garin nan ya sa ni: garkuwa ce da bakin bindiga a cibiyarta, da 'yar taga ta leƙe a sama. Nan da kwana goma za a gwada. Ka san ƙa'idarmu ta maƙera: wanda ya ƙera shi ke harbin farko, da albarushi ninki biyu. Wadda na fara ɗaurewa jikin gungume don gwaji ta tarwatse. Garkuwa kuwa a hannun hagu ake riƙe ta, ni kuma bahago ne. Abinci ba ya shiga.

Ƙanenka, Ambrogio

Venezia, 7 ga Afrilu

Ƙanena,

Ina amsawa. Na bincike littattafan yaƙin mutanen dā kaf, ban ga inda soja ya ɓuya a bayan abin da zai kashe shi ba. Kai ne na farko, barka. Sai ka ƙera ƙaramar garkuwa da za ta kare ka daga babbar.

Ban da wasa, Ambrogio: ka roƙi kwamandan a sake ɗaure ta a gungume. Da hannun nan kake ciyar da matarka Orsola da yara huɗu. Ni ma barci ya ƙi.

Allah ya tsare,
Taddeo

Brescia, 11 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na roƙa. Ya ce, "Maƙeri, gungume ne zai je min yaƙi? Ko sojojina ba su da hannu?" Na ƙara kaurin ƙarfen har garkuwar ta kusa fin ƙarfina. Orsola ta ɗinka mata shafi na ulu, tana ɗinki tana zagin kwamandan. Ka kunna min kyandir a coci.

Ambrogio

Brescia, 14 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ta fashe ba! Yatsuna biyar cif. Kwamanda ya rungume ni, ya ce a yi masa sittin. Kowacce ni zan fara harbawa.

Ka yi haƙuri da munin rubutun. Na soma koyon rubutu da hannun dama ne.

Ka huta lafiya,
Ambrogio