Tanar Robar Delbert

Guntersville, Alabama
9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Odessa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara, ciwon gwiwar nan kuma Ubangiji ya kawo sauƙinsa. Mu nan lafiya, in ana kiran zaman tsoho shi kaɗai lafiya. Goggo Verna ta fito daga asibiti, bakinta ya riga ƙafar warkewa.

Saƙonki ya iso, kina cewa in aiko miki da tanar robar nan ta fatsa da marigayi mijinki Delbert ya narka ya zuba a mazubi da hannunsa, guda goma sha biyun da kika ba ni ajiya, don ki raba wa jikoki ranar cikarsa shekara da rasuwa. Odessa, babu su. Ni na lalata su.

Kin san launin nan nasa, ba kore ba, ba ruwan ƙasa ba, da ɗigon ja a ciki, jelar kuma ya tsoma ta cikin rawayan rini mai warin tafarnuwa. Shekara talatin yana kama kifi da shi a gefena, ni da digirina na haɗa sinadarai ina zaune a jirgin ruwa kamar kututture. In na tambaye shi sirrin, sai ya yi dariya ya ce Farfesa, wato ni, ya je ya duba littafi, shi dai kifi bai taɓa tambayarsa takardar makaranta ba. Ni ma nakan yi dariya, amma abin yana ci na a rai. Makarantar da na koyar shekara ashirin da shida ta sallame ni da agogon bango, shi kuwa da bai gama sakandare ba har yau ana ambatonsa a bakin tafki.

Da sanyi ya shigo na ce bari in gano haɗin. Na narka ɗaya, na gwada rini iri-iri, bai fito ba. Sai ta biyu, sai ta uku. Ina ce wa kaina don jikoki nake yi, in zuba musu ɗari. Ƙarya ce, so nake in ka da mamaci. Da suka rage huɗu na jefa su tukunya gaba ɗaya, na juya baya ina rubuta awo. Ko sabon shiga ya san roba a kan wuta ba a daina motsa ta. Ta ƙone, ta koma kamar kwalta. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya fi ba ni kunya, na zuba wasu masu kama da su, har na rubuta adireshinki a kwali. Na nuna wa Coy mai shagon kayan fatsa, ya ɗaga ɗaya a rana, ya ce Farfesa ya yi ƙoƙari, amma na Delbert duk da kumfa a ciki don hannunsa rawa yake. Ya tambaye ni wa nake shirin cuta. Na kwashe kayana na fito.

Abin da za ki tarar a kwalin nan shi ne dunƙulen da ya ƙone, shi kaɗai ya rage. Ki faɗa wa jikoki gaskiya, kada ki rufa min asiri. In kin ce kada in zo taron cikar shekarar, ba zan ga laifinki ba.

Ki gai da Lamar da matarsa Twila, da Jolene da yaranta. Goggo Verna na gaishe ki, ita ban faɗa mata ba tukuna.

Yayanki mai jiran amsa,
Thurman