Mayar da Kayanka Ɗaki

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata bayan doguwar tafiya, kai da shirunka ya fi mini surutun mutanen gidan nan duka daɗi!

Yau ba za ka sami doguwar gaisuwa ba, domin raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Jiya da la'asar ina shanya a baranda na hango ka da kwalaye a hammata, ka lallaɓo ta ƙofar baya kamar wanda ya sato kaza. Da safe na duba wurin ajiye takalma, babu naka na ƙwallo. Na shiga kicin, kofinka mai karyayyen hannu ya bar kan kanta. Haba, masoyi! Ni za ka yi wa ƙaura a ɓoye? Ni da nake gane takunka a kan bene ko gida ya cika da baƙi?

Na san abin da ka ƙulla a ranka. Tunda Sarkin Doka, wancan ɗan ɗakinku mai yawo da dokokin gida a ka, ya kai ƙara cewa mun zama baki ɗaya a taro, wai in na ɗaga hannu sai ka ɗaga, wai soyayya ta ɓata ƙuri'a, ka daina cin abinci sosai. Ranar Alhamis gida zai zauna ya yanke ko ɗayanmu ya koma babban ɗakin kwanan ɗalibai. Kowa kuma ya sani, wanda ya bar gidan nan ya bar shirin koyon shugabanci ke nan, don zaman tare shi ne rabin karatun. Shi ne ka ce bari ka sulale salin-alin, a bar ni da gurbina. To, ban gode ba! Wa ya roƙe ka? Yaushe na ce maka ina son kujerar da aka saya mini da tafiyarka?

Ka tuna makon da girki ya faɗo kanmu, farkon zuwanmu? Na tsaya musu da 'yar ɗakinmu a kan wanda ya bar famfo a buɗe, shinkafa ta kama, ƙauri ya cika gida har bene. Shugabannin gobe suka zauna suna yatsina fuska, kowa na tura faranti gaba. Kai kuwa ka cinye naka, ka tashi ka ƙaro, ka kankaro ƙanzon da cokali kana ci kamar an ba ka naman kaza. Ba ka ko dube ni ba. Wallahi a ranar zuciyata ta tattara nata ya nata ta koma wurinka, kuma har yau ba ta nemi hanyar dawowa ba.

Wai baki ɗaya! Ina bakin ɗayan yake ranar da na kayar da kai a kan maganar kallon ƙwallo a falo lokacin karatu? Ina yake ranar da ka goyi bayan a hana soya kifi a kicin, na yi kwana biyu ina harararka? Sun manta, ko sun ga dama sun manta. Abin da ke ci musu rai ba ƙuri'a ba ce. Sun ga mutum biyu suna saɓani a taro, su fito su wanke kwano tare suna dariya, abin da malamai ke ta koya mana a aji su sun kasa.

Amma kai ma da naka. Ka san al'adar taronmu: babban cokalin katako ke zagayawa, wanda ya riƙe shi kaɗai ke magana, ba mai katse shi. Kullum in ya iso hannunka sai ka yi murmushi ka miƙa wa na gaba. Na sha ganin kyan wannan kunyar taka, ta sha narkar da ni kamar man shanu a rana. Wannan karon ba ta burge ni ba. Ranar Alhamis in cokalin ya zo, ka riƙe shi gam, ka buɗe bakin nan naka ka faɗa musu abin da kake faɗa mini a hanyar ɗakin karatu. Ko muryarka ta yi rawa, ka faɗa. Ina gefenka, ido cikin ido da kowa.

In kuwa kana ganin tafiyarka za ta rufa mini asiri, ka makara, ya abin ƙaunata. Yau da safe, kana can kana ɗaure kwali, na ciro cokalin daga ƙusarsa ana tsakiyar karin kumallo. Sarkin Doka ya buɗe baki zai ce ba lokacin taro ba ne, na ɗaga masa cokalin, dokarsa ta kama shi. Na gaya musu ina son ka, so na gaskiya wanda iyayena suka sani, ba na ɓoye ba. Shayi ya sarƙe 'yar ɗakinmu. Daga nan na wuce ofishin Anti mai kula da gida, na shaida mata cewa ranar da ka miƙa makullinka, nawa na kan teburinta kafin naka. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ga ba wasa a idona.

Saboda haka ka zaɓa, hasken raina. In ka tsaya, mu fuskance su tare, a kayar da mu ko mu kayar. In ka fita, ba ka ceci gurbina ba, gurbi biyu ka zubar, kuma kai za ka ɗauko mini akwatina daga bene, don nauyi gare shi.

Taka a gidan nan, taka a wajensa, taka ko duk hannuwan falon sun tashi a kanmu, har ranar da numfashi zai ƙare,

Mai ƙona shinkafa